Shekara biyu ban sha ba, amma har yau sunana 'yar kwalba

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 28, ina zaune a gidanmu a cikin birnin Kano tare da 'yata mai shekara shida. A gidan aurena na fara shan kodin. Na yi ɓari sau biyu a jere, barci ya ƙaurace min, sai wata ƙawata ta kawo min maganin tari ta ce in zuba a lemo. Tun ina kwalba ɗaya har na kai uku a rana, ranar da ban samu ba in nemi tiramol. Na sayar da 'yan kunnena da rabin kayan ɗakina, auren ya mutu. Yayana ne ya kai ni asibiti na yi wata biyu a kwance. Yau shekara biyu da wata uku ke nan ko ɗigo bai shiga bakina ba. Ina ɗinki, ina samun na sabulu da kuɗin makarantar yarinyata.

Abin da ya dame ni suna ne. A unguwarmu 'yar kwalba ake kirana, har matan da ke kawo min ɗinki in sun juya baya haka suke cewa. Kwanaki waya ta ɓata a bikin 'yar ƙanwar babana, da jakata aka fara, kuma Yayana yana tsaye bai ce uffan ba. Daga baya aka ga wayar a ƙarƙashin katifa, ba wanda ya ba ni haƙuri. Satin da ya wuce 'yata ta dawo daga Islamiyya ta ce, "Mama, mene ne 'yar kwalba?" Na rasa abin da zan ce mata, na shiga banɗaki na yi ta kuka.

Duk sati biyu ina zuwa zaman da ake yi mana a asibiti. A can kowa sai ya fara da cewa, "Sunana wance, ni mashayiya ce." Mai kula da mu ta ce duk ranar da muka daina faɗin haka mun fara yaudarar kanmu. Umma kuma ta ce in daina jawo wa kaina baki, wanda ya tuba ya tuba, in ma daina zuwa tunda na warke. Ga kuma wani bawan Allah malamin makaranta a Zariya, matarsa ta rasu, ya ce zai turo magabatansa bayan Sallah. Ban faɗa masa komai ba. Wani lokaci da dare zuciyata takan ce min, tunda dai sunan ba zai goge ba, mene ne amfanin wannan wahalar? Anti, wace ce ni? Mashayiya ce ko wadda ta warke? In faɗa masa ko in yi shiru? Ko in tattara in bar garin?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu ƙwarai. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya miki yarinyar nan.

Kin jero tambayoyi da yawa, amma bari in fara da wadda kika saka can ƙasa kamar ba komai ba, domin ita ce ta hana ni ajiye wasiƙarki: maganar da zuciyarki ke yi miki da dare. Wannan tunanin na "mene ne amfanin wahalar" shi ne ƙofar da mafi yawan masu komawa ruwa suke bi. Sau da yawa ba sha'awar abin ce ke fara dawowa ba, fid da rai ne. Ina so gobe, ba jibi ba, ki faɗa wa mai kula da ku ko likitanki wannan maganar daidai yadda kika rubuto min ita. Kuma ki san wani abu da ba a cika gaya wa mutane ba: jikin da ya saba da kwalba uku a rana ya tafi. Bayan shekara biyu jikinki ya koma kamar na wadda ba ta taɓa sha ba. Kodin in ya shiga hanta wani sashe nasa morfin yake komawa, wato wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, kuma aikin irin waɗannan magunguna in sun yi yawa shi ne su rage numfashi. Adadin da a da yake sa ki lumshe ido, yau zai iya sa ki kwanta ba ki tashi ba. Tiramol kuma in ya yi yawa farfaɗiya yake jawowa. Ba don in tsorata ki na faɗa ba. Don dare yakan yi ƙarya ne, yakan ce "sau ɗaya kawai", kuma gara ki san farashin sau ɗayan.

To, mu zo kan suna.

Mu Hausawa mun san nauyin suna fiye da yadda muke nunawa. Muna yanka rago a kansa, muna ɓoye na ɗan fari, muna sakaya na miji da na suruka. Muna cewa suna linzami ne. Amma kuma mu ɗin ne gwanayen laƙaba wa mutum abin da ya fi jin kunya a rayuwarsa, mu bi shi da shi har kabari. Wanda ya taɓa zaman gidan yari, wadda ta taɓa fita daga aure uku, wanda ya taɓa kwanciya a Dawanau, kowa da tambarinsa. Ko wanda ya shiryu ba ya tsira, sai a ce masa tubabbe, wato dai a tuna masa laifin ta ƙofar baya. Kuma illar laƙabi ita ce yana mayar da abin da mutum ya aikata ya zama shi ne mutumin. "Ta sha kodin" labari ne, yana da farko yana da ƙarshe. "'Yar kwalba" kuwa ba shi da ranar ƙarewa, kamar an ce kwalbar ce ta haife ki.

Kada ki ɗauka matan unguwa ne kaɗai suna ke juya wa tunani. A shekarar 2010 wani masani a Amurka mai suna John Kelly da abokiyar aikinsa sun gwada ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa sama da 500. Labarin mutum ɗaya aka ba su, komai iri ɗaya, sai dai a takardar wasu an kira shi da kalmar da ke nufin mai ta'ammali da ƙwaya, a ta wasu kuma an ce mutum ne mai fama da lalurar shaye-shaye. Waɗanda suka karanta ta farko sun fi karkata ga cewa laifinsa ne kuma hukunci ya dace da shi. Ƙwararru ke nan, masu digiri a kan abin. In kalma ɗaya ta iya karkatar da su, ina ga ƙanwar babanki a tsakar gidan biki? Kuma ina ga ke kanki, da kike jin sunan safe da yamma? Abin da na fi ji miki tsoro ba bakin mutane ba ne, ranar da za ki fara kiran kanki da shi a zuci ne. Daga wasiƙarki na ga ranar ta fara leƙowa.

Addininmu bai bar wannan maganar a buɗe ba. A Suratul Hujurat, aya ta 11, Allah Ya hana muminai jifan juna da miyagun laƙubba, Ya ce tir da sunan fasiƙanci bayan imani. Kuma akwai hadisi a Bukhari da nake so ki riƙe. Wani mutum ne mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, yakan ba Manzon Allah (SAW) dariya. An sha kawo shi saboda shan giya ana yi masa hukunci. Wata rana da aka sake kawo shi, sai wani ya tsine masa, yana cewa sau nawa ake kawo shi. Manzon Allah (SAW) ya hana, ya ce kada ku tsine masa, ya kuma yi masa shaidar yana son Allah da ManzonSa. Ki lura, wannan mutumin a lokacin bai ma daina ba. An hukunta aikin, an ƙi yarda a mayar da aikin ya zama sunansa. A wani hadisin makamancin wannan aka ce kada ku taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Duk mai kiran ki 'yar kwalba bayan shekara biyu da wata uku, ko ya sani ko bai sani ba, aikin da aka hana ɗin nan yake yi.

Yanzu ga rikicin da ke tsakanin Umma da mai kula da ku. Na juya maganar, kuma a ganina kowacce tana riƙe da gefe ɗaya na gaskiya, tana ja.

Wancan salo na "sunana wance, ni mashayiya ce" ba a Kano aka ƙirƙiro shi ba. Daga ƙungiyar Alcoholics Anonymous ya samo asali, wadda wasu mutum biyu da giya ta ɗaiɗaita, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka kafa a garin Akron na jihar Ohio a Amurka a 1935. Daga baya, a 1953, aka kafa irinta ta masu ƙwayoyi. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Babbar garkuwar shaye-shaye ita ce musu: "Ni ban kai can ba", "duk ranar da na ga dama zan daina." Ke ma kin san sau nawa kika faɗi haka kafin 'yan kunne su tafi. Mutum ya buɗe baki a gaban irinsa ya amsa abin da yake ɓoyewa, wannan yana karya musun, kuma yana daidaita kowa a ɗakin, matar attajiri da mai wankau duk ɗaya. Mutane da yawa sun rayu ta wannan hanyar, ba zan raina ta ba. Sai dai ba wahayi ba ce. Akwai waɗanda kalmar ke tsare su, akwai waɗanda take danne su, kuma likitocin fannin da kansu sun daɗe suna komawa ga kiran mutum da mutum tukuna, sannan a ambaci lalurarsa. Ga kuma abin da ya shafe mu: a Hausa "mashayiya" zagi ce tsagwaronta. Wanda ya faɗe ta a wancan ɗaki na Amurka yana fita ya bar ta a can, ba wanda ya san shi. Ke kina fita daga asibitin kina tarar da ita tana jiran ki a bakin layinku.

Saboda haka ga abin da nake ba ki shawara. Ki samu mai kula da ku ita kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ki gaya mata abin da kalmar ke yi miki idan kin koma gida. Ki nemi ta bar ki ki riƙa cewa wani abu kamar, "Sunana wance, na yi fama da kodin, yau wata ashirin da bakwai ina kan hanyar lafiya." Babu ƙarya a ciki, babu musu, kin ambaci abin da sunansa, kuma kin ambaci aikin da kika yi. Ina kyautata zaton za ta fahimta, don abin da take tsoro shi ne mantuwa, kuma wannan jimlar ba ta mantuwa ba ce. Idan ta dage, kada ki bar zaman saboda kalma ɗaya. Ki faɗe ta a matsayin abin da ake faɗa a wannan ɗakin, kamar yadda ake sa rigar asibiti a cire a bakin ƙofa, ki kuma kai maganar gaban likitan da ke duba ki.

Umma kuma, Allah Ya saka mata. Uwa ce da ta ga 'yarta ta dawo daga bakin rami, ba ta son ko jin sunan ramin. Maganarta cewa wanda ya tuba kamar wanda bai yi zunubi ba ne, hadisi ne, kuma gaskiya ne tsakaninki da Ubangijinki. Ba ki da bashin da za ki yi ta biya da kunya har abada. Inda zan saɓa mata, cikin ladabi, shi ne batun daina zuwa asibiti. Tuba tana goge zunubi, amma ba ta goge abin da ƙwaƙwalwa ta koya. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan sake zamewa, kusan yadda ake gani a masu hawan jini da asma in sun saki magani. Ki yi wa Umma misali da abin da ta sani. Na san ba za a rasa mai hawan jini ko ciwon suga a danginku ba. Ba wanda ke ce masa "ɗan hawan jini" a matsayin zagi, kuma ba wanda ke ce masa ya daina zuwa awo don ya kwana biyu bai faɗi ba. Idan da hali, ki roƙe ta ta raka ki sau ɗaya ta zauna da likitan. Iyaye mata da yawa tsoron wurin suke yi don ba su taɓa ganin cikinsa ba, abin da ke ransu shi ne gidan mari da sarƙa, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a 2019 suka fito da mutum sama da 300. In ta ga kujeru ne da mata irinki suna hira, hankalinta zai kwanta.

Kin tambaye ni wace ce ke. Ba zan zaɓa miki ɗaya daga cikin biyun da kika kawo ba, don duka biyun sun yi miki kaɗan. Ke mace ce da aka yanka wa rago aka raɗa mata suna, uwa, tela, wadda ciwon ɓari da rashin barci suka kai ta ga wani magani da ya kama ta, ta kuma yi shekara biyu da wata uku tana tashi kullum ba ta koma ba. Tarihin kodin yana cikin labarinki, kuma akwai wuraren da dole ki fito da shi da bakinki. Babba a ciki shi ne gaban likita. Duk ranar da za a yi miki tiyata, ko haihuwa, ko cire haƙori, ko kika je kemis da tari, ki ce, "Na taɓa samun matsala da kodin da tiramol, a ba ni wani." Tiramol magani ne da ake rubutawa bayan aiki a asibitoci, kuma ba wanda zai san ya kauce miki in ba ki faɗa ba. Wannan shi ne amfanin tuna abin. Amma mai kawo ɗinki, da maƙwabciya, da 'yar biki, ba ki da bayanin da za ki yi musu.

Kuma don ki rage jin kamar ke kaɗai ce a duniya: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi amfani da ƙwaya a shekarar 2017, ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, kuma wajen miliyan 2.4 maganin tari suke sha. Abin ya kai gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC da ya tona yadda ake fitar da shi ta bayan fage. Ina faɗa miki wannan ne don ki gane cewa a cikin matan da ke zunɗen ki, da wuya a ce babu mai irin wannan a ɗakinta ko a ɗakin 'yarta. Bambancinku shi ne naki ya fito fili kin nemi magani. Wani lokaci mai ƙarfin zunɗe tsoron nata asirin ne ke sa ta ɗaga murya. Ban ce ki zargi kowa ba, na ce dai ki daina kallon su kamar alƙalai.

Batun Yayanki ya taɓa ni, kuma ina so mu yi masa adalci. Shi ne ya ɗauke ki ya kai ki asibiti lokacin da wasu suka ce a rufe ki a ɗaki. Ina kuma zaton a shekarun can ya ga abubuwa sun ɓace a gida, an rantse masa, daga baya ya gano. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Shirunsa a wajen biki ya yi miki ciwo, kuma kuskure ne, amma ina jin shirun tsoro ne: yana tsaye yana addu'ar kada a samu wayar a jakarki. Ki same shi a natse, ba ranar da ranki ke ɓace ba. Ki fara da godiya, don ya cancanta. In akwai abin da kika ɗauka nasa ko na matarsa a wancan lokacin da ba ki taɓa amsawa ba, ki amsa, ki nemi yafiya, in da hali ki fara biya ko da kaɗan-kaɗan daga kuɗin ɗinki. Sannan ki nemi abu ɗaya takamaimai: duk ranar da aka kira ki da wannan suna a gabansa, ya ce, "Sunanta wance." Kalma biyu. A gidan Bahaushe in babban wa ya tsaya a kan abu sau biyu sau uku, dangi sukan shiga taitayinsu. Ke in kin faɗa za a ce rashin kunya, shi in ya faɗa umarni ne. Ƙanwar babanku kuwa, Umma ko shi ne za su gaya mata cewa ta ci bashin ban-haƙuri. Ko ta biya ko ba ta biya ba, kada ki zauna jira.

Sai malamin Zariya. A nan ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki faɗa masa, da bakinki, kafin magabatansa su taso. Na san akwai masu cewa abin da Allah Ya rufa kada ka tona, kuma haka ne, ba a son mutum ya riƙa tallan zunubinsa. Amma naki ba rufaffe ba ne, unguwa ta sani. Kin san kuma yadda ake binciken aure a ƙasar nan: za a turo wani ya zauna wajen mai shayi ko mai kanti a bakin layinku ya yi tambaya. Abin da zai ji a can kalma biyu ce, ba shekara biyu da wata uku a ciki, ba ɓari, ba ɗinki. In ya fara ji daga can, abu biyu zai haɗiya lokaci guda, labarin da kuma cewa kin ɓoye masa, na biyun ma ya fi ɗaci. Ban da haka, lalura ce da ke buƙatar ki ci gaba da ganin likita, kuma mijin da bai sani ba ba zai gane me ke kai ki asibiti duk sati biyu ba.

Yadda za ki faɗa yana da muhimmanci. Kada ki ce masa "ni mashayiya ce", kada kuma ki zauna kina kuka kamar mai jiran hukunci. Ki ba shi labarin da kwanan wata: abin da ya faru, yaushe ya fara, yaushe kika daina, me kike yi don kada ya dawo. Ba sai kin zayyana masa kowane dare ba. Ki ce masa in yana so ya yi magana da Yayanki ko ya raka ki wajen likita, ƙofa a buɗe take. Sannan ki ba shi lokaci, don shi ma yana da haƙƙin ya yi tunani, ya yi istihara, wataƙila yana da marayun da yake duba wa uwa. Zai iya janyewa, ba zan ɓoye miki ba, kuma zai yi zafi. Shi ya sa nake so mai kula da ku da Umma su san ranar da za ki yi maganar, kada ki kwana ke kaɗai da amsarsa in ba ta yi daɗi ba. In kuma ya tsaya, ki saurari yadda yake magana a kai a makonnin da za su biyo baya. Namijin da zai ce "na rufa miki asiri" yana maimaitawa, ranar faɗan farko zai ciro sunan nan daga aljihu. Wanda ya tambaye ki "me zan yi in na ga kin shiga damuwa?" shi ne abokin zama. Kafin a sa rana kuma ku zauna da Umma da wani malami a kan inda yarinyar za ta zauna in kin tare, kada maganar ta zo muku ba shiri.

Barin gari kuwa, in aure ne ya kai ki Zariya, Allah Ya sa alheri, sai ki nemi likitanki ya haɗa ki da inda za ki ci gaba, ga asibitin koyarwa na Shika, ga na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna. Amma ki tattara don gudun baki, ki bar Umma da Yaya da zaman asibiti da masu kawo miki ɗinki, ki je inda ba ki san kowa ba, wannan ban goyi baya ba. Kaɗaici ya fi zunɗe haɗari ga mai irin tarihinki. Laƙabi kuma yakan tsufa in ya rasa abin ci. Ki sa wa ɗinkinki suna, ki rubuta a ƙofa da jikin leda, sunanki na yanka ko na 'yarki. Mace in ta sa kaya a biki aka tambaye ta wa ya ɗinka, da wannan sunan za ta amsa.

Na bar maganar yarinyar ƙarshe don ita ce ta fi gaggawa bayan ta dare. Ta yi miki tambaya ba ta samu amsa ba, ta kuma ga idonki ya yi ja. Yaro in bai samu amsa ba yakan ƙirƙiro tasa, kuma sau da yawa yakan ɗora wa kansa laifi. Ki zaunar da ita yau ko gobe, lokacin da kike tsefe mata kai ko kuna cin abinci, ki ce mata: "Kin tuna abin da kika tambaye ni? Da can kina ƙarama na yi rashin lafiya, na riƙa shan wani magani da ya cutar da ni. Kawunki ya kai ni asibiti, na daina, yanzu lafiyata ƙalau. Masu faɗin wannan sunan ba su kyauta ba, Allah Ya hana kiran mutum da sunan banza. In an sake faɗa miki, ki ce sunan mamana wance, ki zo ki gaya min." Wannan ya ishe ta a shekara shida, sauran za ta tambaya in ta girma, ki kuma ba ta amsa daidai shekarunta. Sannan ki je Islamiyyar da kanki, ko ki tura Yayanki, a yi wa malaminsu magana a asirce cewa yara na jifan ta da wannan kalmar. Ayar tana cikin Alƙur'anin da yake koya musu, ya san ta.

Ki rubuto min bayan kin yi magana da malamin Zariya, ko me ya ce. Ki gaishe min da Umma.